Jiragen Yaƙin Hitila da Kayan Sojan Bama

Akwai wata sana'ar hannu da ake yi a ƙasashe da yawa, watau a sassaƙa 'yan ƙananan jirage da mutum-mutumi, a jera su bisa allo tare da itatuwa da bukkoki, har mai kallo ya ga kamar yana hangen wurin daga kan tudu. Masu wannan aiki sukan bi awo guda, wanda aka fi sani shi ne ɗaya bisa 72, watau mutum mai tsawon ƙafa 6 ya koma inci 1. Yaran Katsina da ke ƙera mota da karan dawa sun san farkon abin. Bambancin kawai shi ne, mai son ya nuna zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda mutanen da suke kira Yaƙin Hitila, tilas ya san shekara da wuri tun bai ɗauki wuƙa ba. Waɗanda suka ga abin da idonsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka kuskuren da aka sassaƙa yau shi jikoki za su ɗauka gaskiya gobe.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a farkon Nuwamba 1925, sa'ad da jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar. Amma zirga-zirgar gaske sai a 1940. A watan Yuni na wannan shekara Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi, hanyar Bahar Rum ta zama da hatsari. Sai Ingilishi suka riƙa kawo jirage a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana yanzu, a haɗa su can, su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fashir, da Hartum, har Masar. Ayarin farko ya tashi cikin Satumba 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Mutanen Katsina suna da dalilin sa kunne, domin Maraɗi da sauran ƙasar Nijar a lokacin suna hannun Faransawan da suka sallama wa Jamus, har Nuwamba 1942. Can gabas kuwa, cikin Janairu 1942, wani jirgin Jamus ya ratso hamada ya jefa bom a filin jirgin Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu.

To, mai son ya nuna filin Kano na waɗannan shekaru ya lura da tsarin ayarin. Madugu shi ne jirgin da ake kira Blenheim, mai inji biyu, domin shi ke ɗauke da masanin hanya. A bayansa sai ƙananan jiragen faɗa, akasari Hurricane, mai inji ɗaya da mutum ɗaya. Faɗin fukafukan Hurricane ƙafa 40 ne, a ƙaramin awo bai cika inci 7 ba. Waɗanda suka bi ta nan suna da tankunan ƙarin mai a ƙarƙashin fiffike, da wani abin tace ƙura a ƙarƙashin hanci, mai kama da haɓa. Har wa yau akan shafa musu farin fenti a saman wutsiya, domin in jirgi ya faɗi a daji masu nema su hango shi daga sama. Wanda ya kwaikwayi hoton Hurricane da ya yi faɗa a sararin London, ya ajiye shi gindin kuka, ya yi jirgi mai kyau, amma ba na Kano ba.

Maganar tufafin soja ta fi wannan rikici. In aka ce sojan da, abin da kan faɗo wa mutane a rai shi ne jar dara mai tuntu, da jan falmaran mai rawayan baki, da jar ɗamara, da gajeren wandon kaki, da ƙyallen da ake naɗewa a ƙwauri. Gaskiya ne rundunar Afirka ta Yamma ta sa waɗannan, da alamarta ta itacen kwakwa, amma kayan fareti ne da gadin gidan Gwamna. Sojan Nijeriya da suka shiga Mogadishu cikin Fabrairu 1941, suka wuce ƙasar Habasha, kaki suka sa da malafa mai faɗin baki. Waɗanda suka tafi Bama kuwa (Bamar da ke gabas da Indiya, ba ta Barno ba) kayansu kore ne kamar ganye, ga takalmi, ga adda a ƙugu. Wa zai sa jar hula a kurmin da maharban Jafan ke ɓoye bisa itatuwa?

Runduna biyu suka tafi can, kowace da alamarta a kafaɗa, baƙi a kan rawaya. Runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943, alamarta gizo-gizo ne, kansa na duban ƙasa. Daga tatsuniyoyin Ashanti aka ɗauko shi, amma Bahaushe bai bukaci a yi masa bayani ba, tun yana yaro ya san Gizo mai ka da manya da wayo. Runduna ta 82, wadda ta isa a 1944, tata masu biyu ne gicciye cikin gammo. Wannan gammo bai kamata a raina shi ba. A kwarin kogin Kaladan babu hanyar mota, sai dubban sojan dako suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi a ka, suna hawan duwatsu. Masu jera mutum-mutumi sun fi son mai bindiga, suna mance mai gammo, alhali ba don shi ba da mai bindigar bai kai fagen ba.

Abin da 'yan dakon ke ɗauka daga sama yake zuwa. Jirgin Dakota, mai inji biyu, mai faɗin ƙafa 95, shi ke sako kaya da laima. A nan ma akwai wurin tuntuɓe. Alamar jirgin Ingila da'ira ce, shuɗi a waje, sa'an nan fari, ja a tsakiya, haka take a jiragen da suka sauka Kano. Amma a fagen Bama an cire jan tun 1943, domin alamar Jafan jar da'ira ce, kada soja su harbi nasu. Rundunonin biyu sun haɗu suka ci garin Myohaung cikin Janairu 1945, shi ya sa wani barikin Ikko ke da wannan suna, kamar yadda barikin Chindit na Zariya ya samo nasa daga bataliyoyin Nijeriya uku da suka yi faɗa a bayan sahun Jafan a 1944.

Ina mai bincike zai sami tabbaci? Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya cikin Janairu 1939, ta kuwa bi labarin yaƙin har ƙarshensa. Akwai takardun En'e a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, akwai kuma hotuna a gidan tarihin yaƙi na London. Sai dai hoton wancan zamani baƙi da fari ne, ba ya faɗin launi. Don haka abin da ke cikin adakar gidan tsohon soja ya fi daraja: littafin sallama mai lambar bataliya, ko tsohuwar malafa, ko lambar tauraron Bama, wadda ƙyallenta ja ne a tsakiya, da shuɗi da ruwan lemo a gefe.

In kuwa Bakatsine ne mai aikin, yana da abin nunawa na gida. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi, bai daɗe da hawa ba ya tafi Indiya da Bama ya gai da sojan Nijeriya. Mai son ya jera wannan rana sai ya tsai da Sarki da rawaninsa a gaban sahu, sojan kuwa cikin koren kaya da malafa, ya bincika tukuna wace bataliya ce kafin ya zana alama a kafaɗarsu.