Daga Zaure zuwa Gidan Arewa: Tarihin Rainon Malamin Jami'a a Kaduna da Zariya

Unguwar Dosa tana cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, a ɓangaren birnin da ke arewa da kogi, kusa da Kawo da Badarawa da Malali, kuma a gefen hanyar da ke fita zuwa Zariya. Duk da cewa an fi saninta da gidajen zama da makarantun sakandare irin su Kwalejin Tunawa da Sardauna, tana zaune ne a tsakiyar wani yanki da ya daɗe yana ɗawainiya da malaman manyan makarantu, domin tafiya kaɗan ce ta raba ta da Gidan Arewa da ke kan titin Rabah da kuma tsohon mazaunin Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, sannan hanyar da ke wucewa kusa da ita ita ce ta haɗa Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello. Tarihin wannan yanki yana ba da damar a duba wata tambaya da ba a cika yi ba, wato wa ke koyar da mai koyarwa, kuma a ina malamin jami'a ke samun jagora da kayan aiki bayan ya karɓi takardar shaidarsa.

Tambayar ta girmi jami'a a ƙasar Hausa. A tsarin karatun zaure, wanda shi ne matakin ilimi mai zurfi kafin zuwan Turawa, almajiri yakan zauna gaban malami ya karanta littafi guda daga bango zuwa bango, malamin yana fassara yana warware abin da ya shige duhu, har sai ya gamsu sannan ya ba shi ijaza, wato izinin karantar da wannan littafi ga wasu. Ijazar takan zo da silsila, jerin sunayen malaman da littafin ya biyo ta hannunsu har zuwa ga mawallafinsa, abin da ke nufin cewa sabon malami yana shiga cikin wata zuriya ce wadda za ta tsaya masa, kuma za ta tuhume shi idan ya karkace. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ƙanensa Abdullahi kuwa ya rubuta littafi musamman domin lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Yaye ɗalibi a wannan tsari bai taɓa yanke alaƙa ba, domin wanda ya buɗe nasa zauren yakan ci gaba da komawa wurin malaminsa da duk mas'alar da ta gagare shi, yana aron littattafai yana kwafa, har tsufa ko mutuwa ta raba su.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ranar 4 ga Oktoba, 1962, bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960 wanda ya ba da shawarar ƙara jami'o'i a Nijeriya, matsalar da ta fi damun hukumomin Jihar Arewa ita ce ta malamai. Shugaban jami'ar na farko, Norman Alexander, baƙo ne, haka ma mafi yawan masu koyarwa, kuma kowa ya san cewa baƙo raɓa ne, ko ba daɗe ko ba jima zai koma gida. Saboda haka, musamman a zamanin Ishaya Audu wanda ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, aka ƙarfafa tsarin riƙe ɗaliban da suka fi hazaƙa a matsayin mataimakan malamai. Mataimakin malami shi ne wanda ya gama digiri na farko aka ɗauke shi aiki yana taya manya gyaran takardu da jagorantar ƙananan ajujuwa, alhali jami'a tana biyan kuɗin karatunsa na digiri na biyu da na uku, a gida ko a Ingila ko Amurka. Daga nan yakan hau matakai ɗaya bayan ɗaya, daga ƙaramin malami zuwa babban malami har zuwa farfesa, kuma ba a kai shi manyan matakan sai an aika rubuce-rubucensa ga masana na wasu jami'o'i sun tantance.

Sai dai albashi da matakan girma ba su isa su mai da mutum masani ba idan babu abin da zai yi bincike a kai, kuma a nan ne aikin Abdullahi Smith ya fito fili. Smith Bature ne ɗan Ingila wanda ya koyar a Sudan kafin ya zo Jami'ar Ibadan a 1955, daga baya ya koma Arewa ya kafa sashen tarihi na sabuwar jami'ar, ya kuma musulunta. Ya lura cewa tarihin da ake koyarwa a lokacin kusan duk labarin Turawa ne a Afirka, alhali ɗakunan malamai a Sakkwato da Kano da Borno da Yola cike suke da rubuce-rubucen Larabci da ajami da ba wanda ya shigar da su cikin manhaja. A 1964 aka fara Shirin Binciken Tarihin Arewa, aikin haɗin gwiwa tsakanin jami'o'in Zariya da Ibadan, wanda ya riƙa aika masu bincike gidajen malamai suna neman izinin ɗaukar hoton littattafai suna mayar wa masu su asalinsu. Murray Last, ɗalibin Smith wanda ya rubuta littafinsa kan Daular Sakkwato da aka buga a 1967, ya dogara ƙwarai da ɗakin karatun Waziri Junaidu na Sakkwato da kuma jagorancinsa, abin da ke nuna cewa tun daga tushe zaure ne ya riƙe hannun jami'a ya nuna mata hanya.

Kaduna ta shigo cikin wannan labari ta ƙofofi biyu. Ta farko ita ce reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, hukumar da Kenneth Dike ya yi fafutukar kafawa a 1954, wanda aka buɗe a Kaduna saboda birnin ne hedikwatar Arewa tun da aka taso daga Zungeru a 1917, kuma a nan takardun ofishin sakataren lardunan Arewa suka taru. Ta biyu ita ce gidan Firimiya Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. Bayan an raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida a 1967, an kafa wata hukumar riƙon ƙwarya domin kula da kadarorin da jihohin suka gada tare, kuma ƙarƙashinta ne a 1970 aka ɗora wa wani kwamiti alhakin rubuta tarihin Arewa, aikin da ya zama mafarin cibiyar adana bayanai da binciken tarihi da aka zaunar a wannan gida, wato Gidan Arewa. A 1975 cibiyar ta koma hannun Jami'ar Ahmadu Bello, Smith kuma shi ne daraktanta na farko. Gidan da aka zubar da jini a cikinsa ya zama ɗakin karatu da ma'ajiyar takardu da gidan kayan tarihi da zauren taro, inda malami daga kowace jami'a zai iya zuwa ya zauna makonni yana aiki.

Abin da ƙaramin malami ke koyo a irin wannan wuri ba a cika samun sa a cikin aji ba. Idan aka ajiye masa tsohon littafi na hannu, zai tarar da warƙoƙi a warwatse cikin gafaka, ba ɗinki ba lambar shafi, kuma sai wanda ya riga shi ya nuna masa cewa kalmar da marubuci ya rataya ita kaɗai a ƙasan shafi ita ce kalmar farko ta warƙa mai biyowa, da ita ake mayar da littafin bisa tsarinsa. Zai koyi ɗaga takarda ga haske domin ya ga tambarin jinjirin wata uku da masu yin takarda na Italiya suke sakawa, ya koyi duba ƙarshen littafi inda mai kwafa kan rubuta sunansa da ranar da ya gama, ya kuma koyi rarrabe maganar mawallafi da sharhin da wani almajiri ya cusa a gefe shekaru da yawa bayansa. Idan kuma fayil ɗin zamanin mulkin mallaka ne, kamar rahoton kimanta haraji da wani jami'in gunduma ya rubuta, za a gargaɗe shi da ya tuna cewa Baturen ya ji labarin ne ta bakin tafinta, tafintan kuma yana tsoron hakimi, don haka kowace jimla tana buƙatar a auna ta da abin da dattawan garin suka riƙe a ka.

Hanya ta biyu ta tarbiyya ita ce taron ƙara wa juna sani na sashe, inda a da malami kan buga maƙalarsa a keken rubutu, a gurza ta a raba wa abokan aiki kwanaki kafin zama, sannan ya zauna a gabansu su yi mata fiɗa layi-layi ba tare da duba girma ko ƙanƙanta ba. Sashen tarihi na Zariya ya yi suna a kan wannan, kuma daga cikinsa ne aka samu masana irin su Yusufu Bala Usman, wanda ya rubuta tarihin sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, da Sa'ad Abubakar wanda ya yi aiki kan masarautar Fombina, da Mahmud Modibbo Tukur wanda ya yi nazarin yadda Ingila ta mamaye Daular Sakkwato da Borno. Waɗannan su ma sun yaye nasu ɗaliban, waɗanda suka bazu zuwa jami'o'in Kano da Sakkwato da Maiduguri da aka kafa a tsakiyar shekarun 1970, har ta kai ga ana iya bin silsilar malaman tarihi na Arewa kamar yadda ake bin ta malaman fiƙihu.

Wannan gini ya girgiza a shekarun 1980. Smith ya rasu a 1984, kuɗin man fetur ya ja baya, sannan shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Babangida ta fara a 1986 ya karya darajar naira, har ɗakunan karatu suka daina iya sayen mujallun ilimi daga waje, albashin malami kuma ya kasa kai shi ƙarshen wata. Malamai da yawa sun bar ƙasar ko sun bar koyarwa, waɗanda suka rage kuma aiki ya yi musu yawa har ba su da sukunin zama da ƙananansu. A wannan hali ne ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wadda aka kafa a 1978 kuma Mahmud Tukur ya taɓa shugabanta, ta zama babbar madogara. Gwamnatin soja ta haramta ta a 1988 da kuma 1992, amma yarjejeniyar da ta cimma da gwamnati a 1992, lokacin shugabancin Attahiru Jega, ita ta haifar da dokar 1993 da ta ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin ɗari na ribarsu domin ilimi. Asusun da ake tara wannan haraji a cikinsa ne aka sake wa fasali a 2011 ya zama TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati, kuma daga cikinsa ake biyan kuɗin ƙaro karatun malamai da halartar taruka da bincike da buga littattafai.

Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, ta tashi ne a cikin wannan sabon yanayi, kuma ta gaji malamanta na farko da yawa daga Zariya, kamar yadda makarantar sojoji ta nemi malaman farar hula bayan ta fara ba da digiri a 1985. Malamin da ke zaune a Unguwar Dosa ko Malali a yau yana da abubuwan da magabatansa ba su samu ba, domin yana iya neman tallafin asusu, yana iya karanta mujallar da aka buga a wata nahiya ta intanet cikin ɗakinsa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokacin babba. Yawan ɗalibai ya ninka, manyan malamai suna rarraba kansu tsakanin jami'o'i biyu ko uku, ƙa'idar ƙarin girma kuma tana ƙirga yawan maƙalu fiye da yadda take auna nauyinsu, lamarin da ke tura matashi ya yi gaggawar bugawa kafin wani ya karanta masa ya ce masa nan ka yi daidai, nan kuwa koma ka sake dubawa.

Kuɗin asusu an same shi da gwagwarmaya, kuma wajibi ne a kare shi, amma tarihin da ya taso daga zauren Waziri Junaidu zuwa titin Rabah yana nuna cewa kuɗi yana saye wa malami tikitin tafiya da kwamfuta ne kawai, ido da haƙurin karatu kuwa daga hannun wani malami ake karɓarsu. Idan jami'o'in Kaduna da Zariya za su sanya jagorancin ƙananan malamai cikin ayyukan da ake lissafa wa farfesa, su raya tarukan sashe, su kuma tura kowane sabon mai bincike ya yi zama na gaske a Gidan Arewa da ma'ajiyar takardu, to za su ƙara wani suna a silsilar da ta faro tun kafin a aza tubalin Kaduna. Warƙoƙin suna nan cikin gafakarsu, kuma har yanzu akwai sauran dattawan da suka san yadda ake jera su.