Daga Haraji zuwa Iyaka: Yadda Bakin 'Yan Siyasa Ya Sauya a Ƙasar Gumel

Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, Gumel tana cikin Lardin Kano, kuma kalma ɗaya ce ta riƙe dandalin siyasa: talaka. Malam Aminu Kano da mutanensa ba su tsaya tantance Bamange da Bafulatani da Bahaushe ba, duk wanda dagaci ya matsa wa kan haraji nasu ne. Jam'iyyar NPC kuwa ta jingina da fada, tana jan hankalin jama'a da biyayya ga magabata, tana kiran 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU, marasa kunya.

Wannan harshe ya kai gaci a 1979, sa'ad da Abubakar Rimi na PRP ya hau gwamnan Kano ya soke haraji da jangali. A ƙasar da manomin gero da makiyayi ke shan rijiya ɗaya, matakin ya shiga bukka ya shiga ruga. Shi ya sa har yau dattawa a Sule Tankarkar ke auna ɗan takara da wancan ma'auni, kuma da wuya ya cika mudu.

Ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ya juya zancen. Masarautu biyar suka sami kansu a gida ɗaya, sai "talaka" ta fara ja da baya, "namu" ta shigo gaba. Dutse da Kazaure da Ringim da Haɗejiya duk sun fitar da zaɓaɓɓen gwamna, Gumel kuwa mataimaki ta samu, kamar Ahmad Mahmud a zamanin Sule Lamido daga 2007 zuwa 2015. Mai neman ƙuri'a a Lautai, wato Gumel, ya san wannan miki, kuma yakan taɓa shi da gangan.

Maigatari tata maganar daban ce. Garin yana numfashi ne da kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis, wadda fatake daga Nijar ke cikawa. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, "za mu buɗe boda" ta fi kowace waƙar jam'iyya tasiri, ko da yake makullin yana Abuja, ba a hannun ɗan majalisa ba. A Gagarawa kuma, tun rigimar gonakin da aka ware wa wani kamfanin rake, ɗan takara yakan lallaɓa kalmar "masu zuba jari", domin manomi diyya yake son ji tukuna.