Liyari Da Sule Mai Kwakwa: Labarin Kuɗin Azurfa A Birnin Zazzau

Yau na ajiye alƙalamin labarin soyayya, zan ɗan taɓa tarihi, kuma abin da ya ja ni wata ɓarna ce da na yi da hannuna, wadda har gobe in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Lokacin da kakata ta rasu (Allah ya jiƙanta) aka zo rabon tarkacen ɗakinta a gidanmu na cikin ganuwa, sai aka tsinci wata 'yar jakar fata a ƙasan adudu. A ciki akwai sulalla goma sha ɗaya da wasu manyan kuɗi guda biyu masu hoton wata mace mai ƙiba. Duk sun dafe, wasu sun yi shuɗi-shuɗi, wasu ja-ja kamar bayan tukunya. Tun tana da rai takan ce mini, "Ke kishiya, kada ki kuskura ki taɓa mini jakar nan, sadakin uwata ne a ciki." Ni aka bar wa su. Ni kuwa da son tsafta, sai na samo toka da lemon tsami na zauna na dirje tara daga ciki har suka yi fari fat.

Bari mu koma baya tukuna. Kafin zuwan Turawa, kuɗin kasuwar Zariya wuri ne, kuma daga sunansa ma kalmar kuɗi ta fito. Wahalar wuri nauyi. Keso guda wuri 20,000 ne, kuma kayan ƙato guda ke nan. Baturen nan Barth da ya zauna Kano a 1851 ya tarar ana canjin wuri 2,500 a kan babban kuɗin azurfa guda, ka ga ke nan abin da ɗan dako zai yi nishi a ƙarƙashinsa, falke zai iya ƙulle shi a lalitarsa da azurfa takwas. Wannan azurfa ita ce liyari, wato mai hoton matar nan da na faɗa.

Sunanta Mariya Tereza, sarauniyar ƙasar Ostiriya, ta mutu a 1780. Larabawa sun riga sun amince da kuɗinta domin nauyinsa ba ya canzawa, giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ce, saboda haka ko bayan mutuwarta aka ci gaba da buga shi da shekarar 1780 ba a sauya ba. Suna kiransa Abu Ɗair, mai tsuntsu, saboda gaggafa mai kai biyu da ke bayansa. Ta Tarabulus da Gadamas da Barno ya riƙa gangarowa ƙasar Hausa. Amma a nan bai cika yawo hannu da hannu ba. Mafi yawansa wajen maƙeran farfaru yake ƙarewa, su narka shi su yi munduwa da zobe da warwaro da adon kayan doki, saura kuma mata su huda su rataya.

Turawa sun shigo Zariya a 1902, shekara ta zagayo suka cire Sarki Kwasau suka naɗa Aliyu ɗan Sidi. A 1904 gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri, sannan sannu a hankali aka ce haraji sai da kuɗin Bature. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, kamfanoni suka buɗe sayen auduga, sai manomi ya ga ba shi da mafita illa ya kai audugarsa sikeli ya karɓi sule ya kai wa mai gari. Da farko sulallan Ingila ne masu kan Sarauniya Biktoriya da ɗanta Edwad. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fitar da nata na azurfa: taro, sisi, sule da dala, wato sule biyu. Sule da dala suna da kan Sarki Joji na biyar a gaba, bishiyar kwakwa a baya. Irin su ne na kakata.

Zamanin azurfar nan bai daɗe ba. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, mutanenmu kuma in ta shiga hannunsu ba ta fita, sai tukunya a binne ko maƙera. A 1920 aka rage azurfar zuwa rabi, a cikin shekarar dai aka koma buga su da tagulla mai ruwan ɗorawa. Ke nan duk sule mai kwakwa na azurfa tsakanin 1913 da 1920 aka yi shi. Daga baya Nijeriya ta yi nata kuɗi a 1959, naira ta zo a 1973, amma har yau dattijo in ya ce jaka guda, naira 200 yake nufi, tsohuwar fam ɗari.

To yanzu ga inda na yi kuka. Wani ƙanena ne ya nuna mini a waya yadda ake gwanjon tsofaffin kuɗi a eBay da wasu gidajen gwanjo na Ingila da Amurka. Ashe dafewar nan da na kankare ita masu tara kuɗi ke nema ido rufe! Azurfa in ta daɗe kusa da abin da ke da farar wuta, kamar fata ko takarda ko buhun zane, sai wani siririn rufi ya hau ta, ya fara da rawaya, ya koma ja, ya koma shuɗi, ƙarshe ya baƙe. Wanda ya tsaya a tsakiya ya yi kamar bakan gizo shi ake rububi. A Amurka ma dalolinsu na Morgan da suka yi shekaru cikin buhuna a ma'ajin gwamnati ta haka suka samo launinsu. Akwai kamfanoni biyu, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, waɗanda aikinsu duba kuɗi su ba shi maki daga 1 zuwa 70 su rufe shi cikin roba. Kuɗin da aka dirje ba sa ba shi maki sam, sai su rubuta cewa an wanke shi, daga nan darajarsa ta faɗi.

Kada mai karatu ya ce zai yi arziki da wannan. Liyari dai an buga sama da miliyan 300, har yanzu Ostiriya na buga shi da 1780 ɗin nan, don haka duk wanda ya ce maka nasa ya shekara ɗari biyu da arba'in zai sayar maka da miliyoyi, ka riƙe aljihunka. Gwanjon intanet kuwa cike yake da 'yan damfara. Wasu da dafaffen ƙwai ko zafin wuta suke rina kuɗi cikin dare ɗaya, wasu hasken hoto suke wa dabara, wasu kuma jabu ne ɗungurum. Ni kaina na taɓa shiga gwanjon wani sule na 1913, na hana idona barci har ƙarfe biyu, ana saura daƙiƙa biyar a rufe wani ya ɗora a kan tayina ya ɗauke. Na biyun da na ci, da ya iso na kai wa wani maƙeri ya auna, sai ya ga bai kai giram biyar da rabi da ɗoriya da sule na gaskiya ke yi ba, maganaɗisu kuma ya kama shi caraf. Azurfa ba ta bin maganaɗisu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yawancin masu sayar da sule mai kwakwa a can suke, a London da Birmingham inda aka buga shi tun farko, wasu har da ɗan harafin H ko KN na maƙerar da ta yi su. Mu da kakanninmu suka noma auduga suka same shi, sai mu sayar wa dillali da awo ya kai a narka. A gidan adana kuɗi da Babban Banki ya buɗe a Abuja a 2009 ne yaranmu za su je su gani ta bayan gilashi.

Guda huɗun da ban wanke ba, liyari biyu da sule biyu na 1916, na mayar da su cikin jakar fatarsu. Taran da na dirje kuma na sa su tare, kuma bana da na duba na ga gefen ɗaya ya soma yin rawaya.