Yadda Aka Gano Tushen Abraham Lincoln a Kundin Wani Cocin Ƙauye

Duk wanda ya tashi a zango ya san nauyin tambayar nan: "Kai ɗan wane ne, daga ina kakanka ya zo?" To, ita ce ta taɓa gagarar Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16. A wani taƙaitaccen tarihin kansa da ya rubuta a 1859, ya ce kakansa ya taso daga Virginia zuwa Kentucky, kafin nan kuma danginsu a Pennsylvania suke. Ya ce an so a haɗa su da wasu Lincoln na New England, amma ba a samu komai ba sai kamannin sunaye. Har aka kashe shi a 1865, iyakar saninsa ke nan.

Amsar kuwa tana Ingila, ajiye cikin akwati. A 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowane coci ya riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Ran Lahadi ake rubutawa a gaban shaida, a kulle littafin a akwati mai makulli biyu. Da aka ga takarda na lalacewa, sai a 1598 aka ce a koma rubutu a kan fata, a kuma riƙa aika wa bishop kwafi duk shekara. Gwamnati ba ta fara tata rajistar haihuwa ba sai 1837.

Masu bincike sun bi zuriyar Lincoln da baya-baya, uba bayan uba, har tsatso na shida, suka tsaya kan Samuel Lincoln. Takardar masu fita ƙasa ta 1637 ta nuna shi a matsayin yaron wani masaƙi na birnin Norwich mai suna Francis Lawes. Tare suka ƙetare teku, Samuel ya zauna a garin Hingham na Massachusetts, wanda baƙi suka raɗa wa sunan garinsu na gida. A can ya rasu a 1690.

Sai aka koma Hingham ta asali, a yankin Norfolk. A kundin cocin St Andrew an rubuta baftismar Samuel ɗan Edward Lincoln, ranar 24 ga Agusta, 1622.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Takardar tafiya ta ce shekararsa 18 a 1637, kundin coci kuwa 15 yake nunawa. Wasu suka ce ai ranar baftisma ba lallai ita ce ranar haihuwa ba, wasu suka ce yaron ne ya ƙara wa kansa shekaru don a bar shi ya tafi. Ga kuma yawan takwarori: a sabuwar Hingham kaɗai akwai Thomas Lincoln har huɗu, sai da sana'a ake bambanta su, kamar yadda muke cewa Tanko mai goro da Tanko mahauci. Ɗaya daga ciki, Thomas masaƙi, wan Samuel ne, kuma ya bar masa gado. Wannan ya ƙara wa hujjar ƙarfi.

Wata rigimar gado ce ta buɗe sauran. A littafinsu na 1909, J. Henry Lea da J. R. Hutchinson sun fito da takardun shari'ar da ta biyo bayan mutuwar Richard Lincoln na Swanton Morley a 1620. Dattijon ya fifita 'ya'yan matarsa ta ƙarshe, ya bar babban ɗansa Edward a gefe. Edward ya ƙare rayuwarsa a Hingham ba wadata, 'ya'yansa suka nemi arziki a bayan teku. A 1919 aka kafa mutum-mutumin shugaba Lincoln a cikin cocin nan na St Andrew.

Suna ɗaya a kundi bai isa hujja ba, sai takardar tafiya da wasiyya da shari'a sun tallafa masa. Kuma babu ɗayansu da za a samu in da wani bai zauna ya rubuta ba. Dattawan unguwar nan da suka san garin da kakanni suka baro, da sunan wanda ya haife su, suna nan da ransu. A je a tambaye su, a rubuta.