Tarihin wuƙar aljihu da matsayinta cikin kayan gado

1. Gabatarwa

Idan magidanci ya rasu aka zo lissafin abin da ya bari, akan tarar da ƙananan kaya waɗanda ba su shiga rabo cikin sauƙi: zobe, agogo, tasbaha, wani lokaci kuma wuƙar aljihu, wato wadda ake ninkewa ruwanta ya shige cikin ƙota. Magada kan yi ɗaya daga cikin kuskure biyu: ko su raina ta su miƙa wa yaro, ko su ɗauka kowane tsohon abu dukiya ne. Abin da ke raba gardama shi ne tarihin wuƙar, kuma mafi yawansa a rubuce yake bisa jikinta.

2. Inda ta fito

Wuƙar da maƙeran ƙasar Hausa suka gada mai kube ce, ana ɗaura ta ga damtse ko ga ƙugu. Mai ninkewa baƙuwa ce, fatauci ya kawo ta. Garuruwa uku na Turai suka shahara wajen ƙera ta: Sheffield a Ingila, Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa. Dukansu uku da ƙarfin ruwan kogi suka riƙa juya duwatsun wasa wuƙa. A Thiers, bakin kogin Durolle, masu wasawa a kwance rub da ciki suke aiki, dutsen na juyawa ƙarƙashinsu.

Iri biyu daga cikin wuƙaƙen nan dangantakarsu da Afirka a fili take. Na farko shi ne Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen cikin 1902 domin kasuwannin ƙasashen da Jamus ta mallaka a Afirka. Cikin 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Na biyu shi ne Douk-Douk, wadda Gaspard Cognet ya fito da ita a Thiers cikin 1929. Tsibiran Melaneziya aka nufa da ita tun farko, shi ya sa aka zana dodon Duk-Duk na mutanen can bisa ƙotarta. Ba ta karɓu ba a can, sai aka juyo da ita Arewacin Afirka da sauran ƙasashen da Faransa ke mulki, ta samu shiga ƙwarai sabili da araha da kaifi. Ƙirarta ba wuya: ruwa, ƙota ta fallen ƙarfe da aka lanƙwasa, ƙarfen baya mai riƙe ruwan, ƙusa biyu da marataya. Lokacin yaƙin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, hukumomin Faransa sun hana kai ta can, don sun lissafa ta cikin makamai. Akwai kuma wani samfurinta mai suna El Baraka, wanda aka cire masa hoton dodo aka sa alamar Agadas, irin wadda maƙeran Abzinawa ke yi da azurfa.

3. Karanta tambari

Maƙeri kan buga tambarinsa a gindin ruwa, kusa da ƙota, ko a tsakiyarsa. Nan ne ya kamata a fara dubawa, kuma akwai shekaru da ke taimakawa wajen ƙiyasin zamanin wuƙa.

Dokar Ingila ta 1887 ta wajabta nuna ƙasar da aka yi kayan waje. Daga nan rubutun "Made in Germany" ya yaɗu. Dokar kwastan ta Amurka ta 1890 ta yi irin wannan aiki, har maƙeran Sheffield suka riƙa ƙara kalmar "England". Ƙarfe marar tsatsa kuwa Harry Brearley ya gano shi a Sheffield cikin 1913. Saboda haka duk wuƙar da aka rubuta wa "Inox" ko "Stainless" ba ta riga wannan shekara ba, komai tsufan da ta nuna. Gidan Opinel, wanda Joseph Opinel ya kafa a yankin Savoie cikin 1890, ya jera wuƙaƙensa lamba 1 zuwa 12 cikin 1897, ya ɗauki tambarin hannu mai kambi cikin 1909, ya ƙara zoben kulle ruwa cikin 1955. Okapi mai sunan Jamus ta girmi mai sunan Afirka ta Kudu.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Shekarar da aka buga bisa wuƙa ba lalle ce shekarar ƙera ta ba. Gidan Joseph Rodgers na Sheffield, mai tambarin tauraro da gicciye, yakan ambaci 1682, amma wannan shekarar da aka fara ba da tambarin ce. Na biyu, tambarin da ya yi suna an sha kwaikwayonsa, don haka akan duba ingancin ƙirar tare da rubutun.

Tsufa kaɗai ba ya kawo kuɗi. Douk-Douk da Opinel an ƙera su da yawan gaske don talaka, shi ya sa farashinsu ba ya nisa in ba samfuri ne mai wuyar samu ba. Masu tara kayan tarihi abu huɗu suke auna wa: sunan maƙeri, ƙarancin irin, lafiyar wuƙar, da shaidar hannun da ta biyo.

4. Kulawa

A nan ne aka fi yin ɓarna. Tsohon baƙin ƙarfe kan yi duhu da daɗewa, kuma wannan duhu ba tsatsa ba ne, shaidar shekaru ce da mai saye ke nema. Wanda ya goge shi da yashi da toka, ko ya kai wuƙar ga injin wasa, ya ci ruwan, ya shafe tambarin, ya rage darajar da ba ta komowa. Jar tsatsa ita ce abokiyar gaba. Maganinta ɗigon man keken ɗinki da tsumma mai laushi. Man gyaɗa kan daskare ya riƙe mahaɗar. Raɓar damina na kawo tsatsa, bushewar hunturu na tsaga ƙotar ƙaho da ta itace, fata kuma na riƙe danshi. Ke nan a ajiye wuƙa a ninke, cikin ƙyalle busasshe, nesa da rana. Ƙotar da ta tsage gara a bar ta haka da a canza ta.

5. Sayarwa

Bisa shari'a, abin da mamaci ya bari na magada ne baki ɗaya, bayan an fid da kuɗin jana'iza, bashi, da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Wuƙa ba ta rabuwa. Sai a yi mata ƙima, ɗaya ya ɗauka cikin rabonsa, ko a sayar a raba kuɗin. Hankali ya nuna kada mai ƙimar ya zama shi ne mai saye, kuma a ji tayi fiye da ɗaya kafin a sallama. In an sa dillali, a yanke la'adarsa tun farko. Kuɗin da ake nema bisa intanet ba shi ne kuɗin da aka saya ba. Na biyun shi ne ma'auni. Wuƙa mai ƙotar hauren giwa tana da hukunci dabam, don tun shawarar da ƙasashen yarjejeniyar CITES suka yanke cikin 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe.

6. Kammalawa

Sau da yawa ƙimar kasuwa kan fito ƙasa da zaton magada. A irin wannan hali, abin da ya fi amfani shi ne a rubuta sunan mai wuƙar, inda ya same ta da aikin da ya yi da ita, a ajiye takardar tare da ita. Wannan takarda na ƙara mata daraja ran da za a sayar. In kuma tayi bai kai ba, magada na da amsar da kasuwa ta tanada: albarka.