Ilimin 'Ya'yan Talaka a Jos: Waiwaye Daga Dutse Uku

Masu iya magana kan ce, waiwaye adon tafiya. Idan muna son sanin dalilin da ya sa yaron Dutse Uku da yaron Rayfield suke shan ruwan gari ɗaya amma ba su taka matakin karatu ɗaya ba, tilas mu koma ga asalin garin.

Kuza ce ta haifi Jos. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dukufa wajen haƙar ta, jirgin ƙasa daga Zariya kuma ya iso a 1914, yana kwaso 'yan ƙwadago daga ƙasar Hausa da sauran sassa. Abin da kamfanoni ke bukata a wurin lebura shi ne ƙarfin damtsensa, karatun ɗansa bai dame su ba. Saboda haka 'yan mishan ne suka ɗauki yawancin nauyin boko. An buɗe cibiyar Gindiri a 1934, sai Hillcrest a 1942 domin 'ya'yan 'yan mishan, daga baya kuma St. Murumba da St. Louis. Iyaye Musulmi da dama sun yi ɗari-ɗari da waɗannan makarantu don gudun a sauya wa 'ya'yansu addini, suka riƙe makarantar allo, wadda sadakar unguwa ke ciyar da malaminta da almajiransa. Talakan Kirista ma ba kullum yake da kuɗin makaranta ba, sai coci ta tallafa.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe ƙofa ga kowa, azuzuwa suka cika maƙil. Amma murna ba ta daɗe ba. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, tsarin tsuke bakin aljihu ya biyo baya a 1986, mai hali ya janye ɗansa zuwa makarantar kuɗi, aka bar wa talaka aji mai yoyo. A nan ma jama'a ce ta toshe ɓaraka: Islamiyyoyi, ciki har da na ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, da makarantun coci, da attajiran da ke biya wa marayu kuɗin jarrabawa.

Sai rikice-rikicen 2001 da 2008 suka zo. Na Janairun 2010 kuwa a Dutse Uku ya faro, kan gardamar sake gina wani gida da aka lalata a 2008. An yi asarar rayuka da gidaje, marayu suka ƙaru, mutane suka ƙaura kowa ya nemi unguwar masu addininsa. Da unguwanni suka rabu, taimako ma ya rabu, kowane mai bayarwa ya fi duban nasa.

Mun yaba wa masu sadaka, domin ba don su ba da yara da yawa ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Sai dai dokar 2004 ta mayar da karatun shekara tara kyauta kuma tilas. Ke nan abin da yaron Dutse Uku yake karɓa da godiya daga hannun mai tausayi, haƙƙinsa ne a wuyan hukuma. Mu da muka samu shiga jami'a a wannan gari, ya kamata mu ci gaba da bayarwa ba tare da tambayar addinin yaro ba, mu kuma riƙa tuna wa hukuma bashin da ke kanta.