Asalin Bikin Fitilu na Indiyawa

Lokacin da manoman Babban Duhu da sauran ƙauyukan Safana da Batsari suka gama kai dammunan gero rumbu, dawa kuma ta fara nuna, a daidai nan ne mabiya addinin Hindu suke yin babban bikinsu na shekara, Diwali. Su ma can Indiya damina ta ɗauke, shinkafa ta shigo gida. Yakan faɗo tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba, a daren da wata ya ɓuya ƙurmus. Wanda ya kalli fim ɗin Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001 ya ga shagalin tun a farkon fim, ko da bai san dalilinsa ba.

To, dalilin dai kishi ne ya haife shi. Mutanen arewacin Indiya sun ce a zamanin da an yi wani sarki a birnin Ayodhya, sunansa Dasharatha, matansa uku. Ɗaya daga ciki, Kaikeyi, ta taɓa cetonsa a fagen yaƙi, shi kuwa ya yi mata alkawarin biya mata buƙata biyu, duk ranar da ta ga dama. Ta yi shiru da maganar shekara da shekaru. Ana gobe za a naɗa Rama, ɗan uwargida, sai wata kuyangarta ta yi ta zuga ta. Kaikeyi ta je ta ce wa sarki a ba ɗanta Bharata gadon sarauta, a kori Rama daji shekara 14. Alkawari kaya ne. Rama ya fita da matarsa Sita da ƙanensa Lakshmana, baƙin ciki kuwa ya kashe tsohon.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne Bharata. Yaron nan ya ƙi hawa gadon da uwarsa ta ƙwato masa. Takalman wansa ya ɗauko ya ɗora a kai, ya zauna riƙon ƙwarya.

A daji Ravana, sarkin Lanka, ya sace Sita. Aka gwabza yaƙi, Rama ya kashe shi. Da wa'adi ya cika suka kamo hanyar gida cikin dare mai duhu, mutanen Ayodhya suka jera fitilu a ƙofofi da kan katangu don su haska musu hanya. Har yau irinsu ake kunnawa: ɗan kasko na yumɓu da bai fi tafin hannu ba, a zuba mai, a murza auduga a yi lagwani.

Mutanen kudu kuwa nasu labarin daban ne, na abin bautarsu Krishna da ya kashe wani azzalumi, Narakasura.

Kwana biyar ake yin bikin. Kamar kalankuwa a wajenmu, biki ne na wanda ya ga amfanin gona a hannu: a share gida a shafe shi, a ɗinka sabbin tufafi, a yi ta rabon alawa. Mata su zana furanni da garin launi a bakin ƙofa, domin a imaninsu Lakshmi, abar bautarsu mai kula da arziki, ba ta shiga gida mai ƙazanta. 'Yan kasuwar Gujarat a lokacin suke rufe tsohon littafin lissafi su buɗe sabo. Ranar ƙarshe 'yan'uwa maza suke ziyartar 'yan'uwansu mata da kyauta.

Wasan wuta daga baya ya shigo, ya kuwa zo da hayaƙi. Iskar Delhi ta riƙa turnuƙewa har a 2018 Kotun Ƙoli ta Indiya ta taƙaita harba shi ga awa biyu, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare.